Yadda Ƙungiyar Manoma Za Ta Sa Baki a Dokar Jiha Tun Kafin Gwamna Ya Sa Hannu

Galibin manoma ba sa jin labarin sabuwar doka sai ranar da aka tare motar hatsinsu a hanyar kasuwa aka miƙo musu rasit, ko ranar da suka je gona suka tarar an kafa turakun siminti a tsakiyar kunyoyi. A lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Alhali kafin doka ta kai ga haka sai ta yi makonni, wani lokaci watanni, tana yawo tsakanin ma'aikata da zauren majalisa da ɗakin kwamiti, kuma a cikin wannan yawon akwai wurare uku ko huɗu da za a iya gyara ta. Bayanin da ke tafe na ƙungiyar manoma ne a Najeriya, ƙarama ko babba, da ke son a ji ta a majalisar dokokin jiharta.

Mataki na farko: a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Ƙungiyoyi da yawa suna ɓata kuɗin mota da lokaci wajen kai kuka inda ba a da hurumin share musu hawaye. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya raba iko gida uku. Kuɗin fito, shigo da kaya da fitar da su, ciniki tsakanin jiha da jiha, ma'auni, da ruwan da ya ratsa fiye da jiha guda, duk na tarayya ne. Saboda haka mai noman rani a Kura ko Kadawa da ke ƙorafin kuɗin ruwa, maganarsa tana wajen Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce, majalisar Kano iyakarta ta yi kira. Haka ma ingancin taki da iri: dokar kula da ingancin taki da dokar hukumar iri ta ƙasa, dukkansu na 2019, Majalisar Tarayya ce ta yi su. Rajistar maganin feshi kuwa aikin NAFDAC ne.

Jiha tana da ikon yin doka kan bunƙasa noma a cikin iyakarta, da gudanar da sha'anin filaye, dazuzzuka, burtali da makiyaya, ƙungiyoyin gama kai, harajin jiha, da kafa hukumomin raya aikin gona irin su KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa. Ƙaramar hukuma kuma ita ke da kasuwanni, tashoshin mota da mayanka, amma a ƙarƙashin dokar da majalisar jiha ta tsara mata. Ku riƙe sashe na 4(5) na kundin: duk dokar jiha da ta ci karo da dokar da Majalisar Tarayya ta yi bisa huruminta, ta tarayyar ce ke aiki. Wannan sashe makami ne babba a takardar koke, domin ɗan majalisa ya fi jin tsoron a ce dokarsa za ta faɗi a kotu fiye da a ce manoma ba su ji daɗinta ba.

Mataki na biyu: a gyara gida

Abu na farko da sakataren kwamitin majalisa zai tambaya shi ne, "Ku su wane ne, mutum nawa kuke wakilta?" Amsar tana buƙatar takarda. Hanya mafi sauƙi ita ce rajistar ƙungiyar gama kai a sashen da ke kula da su a ma'aikatar jiha, kuma mutum goma sun isa a kafa ta. Mai son rajistar da ta wuce iyakar jiha sai ya nufi CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa. A tanadi rajistar mambobi mai suna, ƙauye, lambar waya, girman gona da abin da ake nomawa, da takarda mai kan ƙungiya, da hatimi, da rubutaccen bayanin taron da aka amince da matsayar. Wannan na ƙarshe shi ke kare ku ranar da wani ɓangare ya fito rediyo ya ce ba da yawunsa aka yi ba.

A zaɓi mutum uku kawai su riƙe aikin: mai bin majalisa, mai rubutu, da mai magana. Ba dole shugaba ya zama mai magana ba. Sau da yawa wanda ya fi iya lissafin buhu da kuɗin mota ya fi amfani a gaban kwamiti fiye da mai babbar riga. Idan akwai reshen AFAN (ƙungiyar manoma ta ƙasa) ko RIFAN (ta manoman shinkafa) mai rai a jihar, a nemi haɗin kai da su, amma kowace ƙungiya ta miƙa takardarta daban. Takardu goma masu magana ɗaya sun fi takarda ɗaya mai sa hannu goma nauyi a rahoton kwamiti.

Mataki na uku: a samo ƙudurin a hannu

Kada a yi aiki da abin da aka ji a rediyo ko aka gani a Facebook. A samo kwafin ƙudurin kansa, wato daftarin dokar, mai sassa da lambobi. Wuraren nema su ne ofishin akawun majalisa, sakataren kwamitin aikin gona, ɗan majalisar mazaɓarku, da 'yan jaridar da ke ɗauko rahoton majalisa, waɗanda galibi su ke fara sanin abin da ke kan jadawalin zaman gobe. Sakataren kwamiti ma'aikaci ne, ba ɗan siyasa ba. Shi ke aika takardun gayyata, shi ke karɓar takardun jama'a, shi ke rubuta daftarin rahoto. Ƙungiyar da ta san shi, ta ba shi lambar wayarta tun babu wata matsala, ita ake tunawa da ita ranar gayyata.

Idan an yi ta ja muku rai, ku rubuta buƙata a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ku kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Wannan ƙa'ida ce ga kowace takarda da za ku kai ofishin gwamnati daga yau: wadda ba ta da hatimin karɓa, kamar ba a kai ta ba ne.

Ku kuma tambaya daga ina ƙudurin ya fito. Idan daga ɓangaren zartarwa ne, wato ma'aikatar gona ta tsara, ma'aikatar shari'a ta rubuta, majalisar zartarwa ta amince, gwamna ya aiko, to gudu zai yi, yana iya kammala duk matakai cikin mako ɗaya ko biyu. Irin wannan, gyaransa ya fi sauƙi tun yana ma'aikata, a wajen babban sakatare da daraktan da abin ya shafa. Idan kuwa ɗan majalisa ne ya kawo shi da kansa, tafiyarsa a hankali take, kuma mai ƙudurin yakan yi maraba da duk wanda zai ƙara masa ƙarfi.

Hanyar da ƙuduri ke bi

Karatu na farko gabatarwa ce kawai, akawu ya karanta suna, babu muhawara. A karatu na biyu ake muhawara kan manufar ƙudurin gaba ɗaya, sannan a miƙa shi ga kwamiti a ba shi wa'adi. Kwamiti ya yi nazari, ya kira zaman jin ra'ayin jama'a idan ya ga dama, ya kawo rahoto. Daga nan majalisa ta zauna a matsayin kwamiti guda ta bi sassan ɗaya bayan ɗaya, sai karatu na uku, sai a aika wa gwamna. Sashe na 100 na kundin tsarin mulki ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, majalisa ta sake amincewa da rinjayen kashi biyu cikin uku, ƙudurin ya zama doka ba tare da shi ba, sai dai a jihohinmu wannan abu ne da ba kasafai ake ganinsa ba.

Lissafin kujeru yana da amfani. Majalisar jiha ba ta gaza mutum 24, ba ta wuce 40. Kano tana da 40, Kaduna da Katsina 34 kowacce, Jigawa da Sakkwato 30, Zamfara da Kebbi 24. Kashi ɗaya cikin uku na mambobi ya isa a yi zama. Ma'ana a majalisa mai kujera 24, mutum 8 na iya zama su zartar da dokar da za ta shafi kowane manomi a jihar. Ta ɗaya gefen kuma, idan kun shawo kan mutum huɗu ko biyar da ke halartar zama kullum, kun yi nisa. Ku rubuta sunayen 'yan kwamitin gona, da shugaban masu rinjaye, da mambobin da mazaɓunsu ke da manoma da yawa, sannan ku nemo a cikin mambobinku wanda ke ƙauye ɗaya ko mazaɓa ɗaya da kowannensu. Ɗan majalisa yana ɗaukar wayar mai ƙuri'a a akwatinsa kafin ta shugaban ƙungiya na jiha.

Wani abin lura: wa'adin majalisa shekara huɗu ne, kuma ƙudurin da bai kammala ba kafin ta rushe, sai a faro shi daga farko a sabuwa. Idan kuna goyon bayan ƙuduri, kada ku bari ya kwana har shekarar zaɓe.

Mataki na huɗu: yadda ake karanta ƙuduri

A nan ne aikin yake. A tara mutum biyar zuwa bakwai, har da wanda ya iya Turanci sosai, in da hali da lauya ko ɗalibin shari'a ɗan gari, a karanta sashe bayan sashe ana fassarawa da baki. Kada a fara daga shafin farko. A fara daga sashen ma'anar kalmomi, wanda yakan zo a farko ko a can ƙarshe, domin nan ake ɓoye tarko. Idan an ce "ɗan kasuwar amfanin gona" yana nufin duk wanda ya ɗauki fiye da buhu biyar zuwa kasuwa, to manomin da ya kai masararsa Dawanau ko Saminaka ya zama ɗan kasuwa, lasisi da haraji sun hau kansa. Idan "dabbobi" ya haɗa da shanun huɗa da awakin gida, dokar da aka ce ta makiyaya ce ta shigo garken kowa.

Bayan ma'ana, a nemi amsar waɗannan tambayoyi, a rubuta lambar sashen kusa da kowace amsa. Wa zai biya, nawa, sau nawa, a hannun wa? An rubuta adadin a cikin dokar ko an bar wa kwamishina ya yanka? Wane laifi aka ƙirƙiro, mene ne hukuncinsa, wace kotu za ta yi shari'ar? Wa aka ba ikon kamawa ko ƙwace kaya, kuma ina kayan za su zauna? Idan an zalunci mutum, ina zai kai ƙara, cikin kwana nawa? Idan za a kafa hukuma, su wa ke cikinta, manoma kujera nawa, wa ke zaɓen su? Yaushe dokar za ta fara aiki? Wace tsohuwar doka ta soke?

Kalmomin Turanci biyu suna da muhimmanci ƙwarai, "shall" da "may". Ta farko dole ce, ta biyu ganin dama. Za ku sha ganin ƙuduri ya ce manomi dole ya biya, amma hukuma tana iya biyan diyya in ta ga dama. Sauya kalma ɗaya a irin wannan wuri ya fi dogon jawabi amfani.

A duba jadawalin da ke maƙale a bayan ƙudurin, domin kuɗaɗe da tara a can suke. A kuma duba sashen da ya ba kwamishina ikon yin ƙa'idoji. Idan an bar shi a buɗe, duk abin da kuka hana a majalisa zai iya dawowa ta taga bayan wata shida. Ku nemi a ƙara sharaɗin cewa sai an tuntuɓi ƙungiyoyin manoma, an buga ƙa'idojin a gazet, wato jaridar da gwamnati ke wallafa dokoki a ciki, an kuma ajiye su gaban majalisa kafin su fara aiki.

Ranar fara aiki ma abar dubawa ce, don noma da lokaci yake tafiya. Dokar hana kiwon sake ta Binuwai, gwamna Samuel Ortom ya sa mata hannu a watan Mayun 2017, ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba na shekarar. Ta tanadi ɗaurin shekara biyar ko tarar naira miliyan ɗaya ko duka biyun ga wanda ya yi kiwo a sake, ta kuma ce izinin kafa wurin kiwo na shekara ɗaya ne, ana sabuntawa. Ko mutum yana goyon bayan dokar ko yana adawa da ita, waɗannan sassa biyu, wa'adin wata biyar da izinin shekara guda, su ne irin wuraren da ya kamata a yi dogon zama a kansu a gaban kwamiti: wata biyar sun isa a nemi fili, a haƙa rijiya, a tanadi ciyawa? Wa zai zuba jari a filin da izininsa ke ƙarewa bayan wata goma sha biyu? A jihohin da har yanzu ake dogaro da tsarin dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, tambayar takan koma kan wane daji ne aka yi wa gazet, wane ne aka ambata da baki kawai, kuma ina iyakar burtali take a ƙasa.

Mataki na biyar: takardar matsaya

Shafi biyu zuwa huɗu sun isa. A rubuta da Turanci, domin sashe na 97 na kundin tsarin mulki ya sa shi ne harshen aikin majalisa, ko da yake ya yarda majalisa ta ƙara da wani harshen jihar idan ta zartar da haka. A yi kwafin Hausa don mambobi da gidajen rediyo. A aika wa shugaban kwamiti ta hannun akawun majalisa, da kwafi ga kakakin majalisa da kwamishinan gona.

Sakin layi na farko ya faɗi ko ku su wane ne, lambar rajista, yawan mambobi da ƙananan hukumomin da kuke. Na biyu ya faɗi matsayarku a jimla ɗaya: kuna goyon baya, kuna goyon baya da gyara, ko kuna adawa. Shawara ita ce, in ba dole ba kada ku ce a yi watsi da ƙudurin gaba ɗaya, musamman na gwamna. Ba za a yi watsi da shi ba, ku kuma kun fita daga cikin masu gyara. Bayan haka sai tebur mai gida huɗu: lambar sashe, abin da ya ce, illarsa, da kalmomin da kuke so a sa a madadinsa. Gida na huɗun nan shi ne ran takardar. Sakataren kwamiti yana da kwanaki kaɗan ya haɗa rahoto, kuma gyaran da aka kawo masa a rubuce, wanda zai kwafa kai tsaye, shi ke shiga.

Illar kuwa a nuna ta da lissafi. A ce ƙuduri ya sa naira 500 kan kowane buhun hatsi da zai fita daga ƙaramar hukuma. Tirela mai tan 30 tana ɗaukar buhu 300 na kilo 100, kuɗinta ya kama naira 150,000. Dillali ba zai biya wannan daga aljihunsa ba, zai zabge shi daga farashin da zai saya a ƙauye. Manomin da ya samu buhu 40 ya yi asarar naira 20,000 ke nan tun bai bar gida ba. Sai a jera abin da ake biya a yanzu kan buhu ɗaya, kuɗin shiga kasuwa, la'ada, kuɗin lodi, kuɗin ƙungiyar direbobi, na shingayen hanya, a maƙala hoton rasit na kowanne. Sannan a kawo madadi: a biya sau ɗaya a inda aka yi lodi, rasit ɗin ya wadatar a duk faɗin jihar, a cire manomin da ke ɗauke da amfanin gonarsa, a biya ta banki ko na'ura. Akwai abin kafa hujja: a 1998 gwamnatin tarayya ta taɓa yin doka kan jerin harajin da aka amince da su, wadda ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, kuma Kaduna ta tattara harajinta cikin doka guda a 2016 ta hana jami'ai karɓar tsabar kuɗi a hannu. Ɗan majalisa yana son ya ji cewa wata jiha ta riga ta gwada.

Kurakuran da ke kashe takarda sanannu ne. Zagin gwamnati ko wata ƙabila. Cusa buƙatu ashirin, har da taki da hanya da asibiti, a takardar da ta shafi ƙuduri ɗaya. Adadin da aka ƙara wa gishiri, wanda darakta ɗaya daga ma'aikata zai rushe shi cikin minti guda ya tafi da mutuncin sauran bayanan. Ku tsaya kan gyara uku zuwa biyar, ku san wanne ne ba za ku sassauta a kansa ba, wanne za ku iya bari.

Mataki na shida: ranar jin ra'ayin jama'a

Sanarwa takan fito a ƙurarren lokaci, kwana biyu ko uku kafin zama, don haka takarda ta kasance a shirye tun bayan karatu na biyu. Ku tambayi sakatare kwafi nawa ake so, ku ƙara biyar a kai. Ku isa da wuri ku rubuta suna a rajistar masu magana, domin ma'aikatu da manyan baƙi ke fara cinye lokaci, waɗanda suka makara a ce musu su ajiye takarda kawai.

Mai magana ya shirya minti biyar. Gaisuwa ga shugaban kwamiti da mambobi a taƙaice, sunan ƙungiya, sannan kai tsaye: "Ranka ya daɗe, gyaranmu uku ne, na farko a sashe na kaza." Idan ya fi sakewa da Hausa ya nemi izini ya yi da ita, takardar Turanci tana gabansu. Ku zo da mutum goma zuwa ashirin, da mata manoma a cikinsu, su zauna wuri ɗaya cikin natsuwa. Cika zaure da 'yan ihu yana sa a rufe zama da wuri. A tanadi mutum ɗaya da abin ya taɓa shi kai tsaye, ya yi bayanin minti ɗaya da rasit ko hoton gonarsa a hannu. Wani kuma ya zauna yana rubuta abin da kowane mamba ya ce, saboda alkawarin da aka yi a bainar jama'a ana iya tuna wa mai shi.

Idan ƙudurin ya shafi ɓarna, burtali ko mashaya, ku zauna da arɗo da shugabannin Miyetti Allah na yankin kafin ranar, tare da sarkin noma da dagaci. Abubuwa irin su ranar sakin gona bayan girbi, hana kiwon dare da kiwon ƙananan yara, hana noma a kan burtali, da yadda za a ƙiyasta ɓarna, ana iya daidaitawa a kansu. Sashen da manomi da makiyayi suka kawo da murya ɗaya, da wuya kwamiti ya ƙi shi. Wanda suka zo suna jayayya a kansa, kwamiti yakan bar shi yadda gwamnati ta rubuto.

Idan kwamiti bai kira zama ba sam, ku kai takardar duk da haka, ku nemi ganawa da shugabansa, sannan ku ba ɗan majalisarku takardar koke ya gabatar a zauren majalisa. Koke ba ya shiga zaure sai ta hannun mamba.

Mataki na bakwai: daga rahoto zuwa sa hannu

Nan ne yawancin ƙungiyoyi ke komawa gida su kwanta, nan ne kuma gyara ke zubewa. Bayan kwana uku ku aika wasiƙar godiya mai maimaita gyare-gyarenku a layi biyar. Ku bi sakatare ku ji ko sun shiga rahoto. Wanda bai shiga ba, ku rubuta shi a ƙaramar takarda ku ba mamba ɗaya ya gabatar, wani ya mara masa baya, ranar da majalisa ke bin sassa ɗaya bayan ɗaya. Ku kasance a wurin zaman baƙi a ranar. Idan an zartar ba tare da gyaran ba, saura kwana 30 na gwamna: ku rubuta masa ta ofishin sakataren gwamnati, da kwafi ga kwamishinan shari'a, kuna nuna sashen da ya saɓa wa kundin tsarin mulki ko dokar tarayya. A wannan gaɓa sarakuna da shirin rediyo na kiran waya suna da tasiri.

Bayan an sa hannu ku nemi kwafin da aka buga a gazet ku gwada shi da abin da majalisa ta zartar. Sannan ku koma kan kasafin kuɗi, domin hukumar da aka kafa ba a ware mata ko sisi ba suna ce kawai. Gwamnoni sukan gabatar da kasafi a watannin ƙarshen shekara, ma'aikatu kuma su zo kare nasu gaban kwamitoci. Jihohi da yawa suna wallafa kasafin da rahoton kashe kuɗi na kowane wata uku a intanet. Ku duba abin da aka ware wa noma, ku gwada da kashi 10 cikin 100 da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Maputo a 2003 suka kuma jaddada a Malabo a 2014, amma ku fi sa ido kan abin da aka saki a zahiri da watan da aka sake shi. Kuɗin takin da ya fito a watan Agusta bai amfani mai masara ba. Sassa na 128 da 129 na kundin tsarin mulki sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani, kuma takardar koke mai hujja ita ke tayar da irin wannan bincike.

Idan maganar karɓe gona ce

Wannan yana da nasa tsari, saboda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana cikin dokokin da sashe na 315 na kundin ya kare, majalisar jiha ba ta iya canza ta. Dokar ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana. Filin da ba na birni ba yana ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda ke iya ba da takardar mallaka ta gargajiya har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. Sashe na 36 na dokar ya amince da haƙƙin wanda ke noma gonarsa tun kafin dokar ko da ba shi da takarda. Abin da ya kamata ƙungiya ta sa wa ido shi ne umarnin da ke faɗaɗa iyakar birni, domin da zarar gona ta faɗa ciki, ikonta ya tashi daga ƙaramar hukuma ya koma ofishin gwamna da hukumomin filaye irin su KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna.

Sashe na 28 ya yarda a soke mallaka don amfanin jama'a, amma sai da sanarwa a rubuce mai sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta, wadda aka isar ga mai gonar. Sanarwar baki daga mai unguwa ba ta cika wannan sharaɗi ba. Diyya a sashe na 29 ta abin da ke kan ƙasa ce, wato gini, rijiya, magudanar ban ruwa, itatuwa da shuka, kuma da jadawalin farashin gwamnati ake lissafa ta. Tsufan wannan jadawali shi ke sa a biya kuɗin mangwaro mai shekara ashirin kamar na 'yan kwanduna, don haka neman a sabunta shi buƙata ce da ƙungiya za ta iya kai wa majalisa da ma'aikatar ƙasa tun kafin a zo kan gonar kowa.

Ranar ƙidaya kowane mai gona ya tsaya a gonarsa da kansa. A ƙirga itatuwa iri iri, ɗorawa daban, kuka daban, mangwaro daban, a rubuta manya da ƙanana, a ɗauki hoto mai kwanan wata, a auna faɗin gonar da waya ko igiya. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a fom ɗin da ba a cike ba, kuma a karɓi kwafi ko a ɗauki hotonsa nan take. Idan gonar gado ce, magada su fitar da wakili ɗaya a rubuce kafin ranar. Idan filin na al'umma ne, dokar ta ba gwamna zaɓin ya biya al'ummar, ko shugabanta, ko wani asusu, saboda haka ku rubuta tun da wuri kuna faɗin wanda kuka amince ya karɓa da yadda za a raba. Saɓani kan adadin diyya ana kai shi Kwamitin Amfani da Rabon Ƙasa na jiha kamar yadda sashe na 30 ya tanada, sashe na 33 kuma ya buɗe ƙofar a ba da wani wurin zama a madadin kuɗi idan gida ne abin ya shafa. Wanda ke tunanin zuwa kotu ya ga lauya a cikin makon da sanarwar ta iso, domin wasu ƙararrakin da ake kai jami'an gwamnati wa'adinsu wata uku ne kacal, wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwar niyyar ƙara kafin a shigar da ita.